Mai Igiya Ba Ya Amsa Sallama

A zamaninmu, in za a huda ƙasa sai an nemo mutum mai kunne. Yanzu inji ake nema. Ran nan surukina ya ɗauke ni muka shiga jirgin nan na Kuala Lumpur da ke nutsewa ƙarƙashin gari, ga sanyi kamar cikin randa, ga haske kamar tsakar rana. 'Yan mata na tsaye kowace ta kafa wa wayarta ido, babu wanda ya ɗaga kai ya tuna cewa ƙasa da duwatsu da gidaje ne jibge a bisa kansa. Surukin nawa, da yake malamin jami'a ne, ya yi ta yi mini bayanin injin da ya haƙa ramin, wai yana cin ƙasa ta gaba yana jera bangon siminti ta baya. Na ce masa, to wa ke riƙe masa igiya? Ya yi dariya, ya ɗauka barkwancin tsofaffi ne. 

Maganin gwiwa ya kawo ni garin nan, 'yata ta hana ni komawa. Muna zaune a Danau Kota, can saman wani dogon bene inda ko ƙanshin ƙasa ba ya isowa in an yi ruwa. Akwai wani tafki da nake zuwa bakinsa in miƙe ƙafa. Ranar farko da na ga launin ruwansa na ce wannan ba Allah kaɗai ya haƙa shi ba, da hannun mutum a ciki. Wani tsohon Basine da muke shan shayi tare a shagon mamak, wato shagon abincin Indiyawa Musulmi, ya tabbatar mini, da Malayancin da nake tsinta, cewa duk yankin nan kuza aka haƙa a da. Na yi rabin duniya, ashe kan tsohon ramin kuza zan zo in ƙare, kamar yadda na fara.

Mu gidan haƙa ne. Mahaifinmu rijiya yake haƙa wa mutane da rani, sauran lokaci kuma ya shiga loto, wato ramin kuza da ake gangarawa tsaye kamar rijiya sannan a karya a miƙe a kwance. Da ƙarar diga na girma. Tun ban kai ko'ina ba na san bambancinta: in ta ce ƙwal, dutse ne, in ta ce dif, yumɓu ne, in kuwa ta yi shiru kamar an soki tuwo, to ruwa ya kusa. Na tuna kukan igiya a kan itacen da ake gittawa a bakin rami, da shasshakar tsakuwa a ƙoren matan da ke wankin kuza, da Inna tana zuba wa Baba ruwa a ka da yamma, jar laka na gangarowa ta gemunsa. Aikinmu mu yara shi ne tufka igiya da rama, da kai diga maƙera, da zuba mai a fitila. Mu biyu ne maza, ni da ƙanena. Shekara biyu na ba shi.

Ranar da Baba ya ce mun isa aiki, sai ya karyo kara ya gwada faɗin kafaɗata, ya gwada na ƙanena, ya je ya gitta karan a bakin rami. Ya dube ni ya ce, "Kai ka yi faɗi, ƙasa ba za ta karɓe ka ba. Kai ne mai igiya." Ƙanena kuwa siriri ne kamar tsinken tsire. Aka ɗaura masa igiya a ƙugu, aka ba shi fitila, ya sauka yana washe baki. Ni aka zaunar da ni a baki, aka karanta mini doka. In ya ja sau ɗaya, in sassauta. Sau biyu, a ɗago guga. Sau uku, a fitar da shi yanzu-yanzu, ba tambaya. Sannan Baba ya buɗe tafin hannunsa ya nuna mini wani farin tabo da ya ratsa shi daga gefe zuwa gefe, inda igiya ta taɓa fizgewa ta ci namansa bai sake ba. Ya ce, "Mai igiya ba ya amsa sallama. Ko ubanka ne ya dawo daga Makka, ya jira. Ba ka ɗaure ta, ba ka miƙa wa wani, ba ka sosa kai. Ran mutum ne a hannunka."

Yau na san girma ya ba ni. A lokacin wulakanci na gani. Don ranar da ruwa ya ɓullo a rijiya, ba mai igiya ake yi wa guɗa ba. Wanda ya fito buɗu-buɗu da laka, shi ake miƙa wa ƙwaryar farko, shi tsofaffi ke shi wa albarka, shi 'yan mata ke leƙe ta bayan zana. Ni ina gefe ina naɗe igiya kamar mai kiwon jaki. Ga shi kuma Allah ya ba yaron nan kunne. Yakan kwanta ya manna kunnensa a bangon rami, ya lumshe ido, ya ce wa Baba a karkata hagu, akwai dutse a gaba. A haƙa a tarar da dutsen. Yakan ɗanɗana ƙasa da harshe ya faɗi ko za ta tsaya ko za ta zube. Baba, wanda bai iya yabo ba, sai ya yi tsaki ya ce, "Ɗan banzan nan ƙasa ce ta haife shi, ba uwarsa ba." Na yi shekaru ina jiran a yi mini irin wannan zagin. Da na ga ba zai zo ba sai na ba makaranta ƙarfi. Na koyi Turanci, na tsinci Fulatanci da Yarbanci da yaren mutanen dutse a kasuwa. Na iya magana da kowa a garin. Shi kuma ya iya magana da ƙasa, kuma shi ake nema.

Da yaƙi ya ɓarke a ƙasarmu muna samari. Aka zo neman waɗanda suka san aikin loto, za a haɗa su rukuni guda a cikin soja. Muka ba da sunanmu tare. Ranar tafiya Inna ba ta yi mini doguwar magana ba, ta kama hannun rigata ta ce, "Ka riƙe mini shi."

Rukuninmu ba a cika ba mu bindiga ba. Diga ce da shebur da fitila da katakon tokari. Mu ke haƙa ramukan ɓoye harsashi da magani, mu ke huda hanya ta ƙarƙashin ƙasa a fitar da waɗanda suka ji rauni inda ruwan wuta ya hana a bi ta sama, wani lokaci kuma a sa mu rarrafa har ƙarƙashin ramin abokan gaba a ajiye nakiya. Sauran sojoji gafiyoyi suke ce mana. In mun zo karɓar abinci su ce, "Ku matsa, ga masu cin ƙasa nan." Ƙasar kudu kuwa ba irin tamu ba ce. Tamu in ka huda ta takan tsaya kamar ginin tukunya. Waccan ja ce mai yashi, kullum a jiƙe, tana yi maka murmushi da safe ta rufta maka da rana. A nan ne kunnen ƙanena ya zama dukiyar rukuni. Yakan ajiye kwanon sha cike da ruwa a ƙasan rami ya zuba masa ido, daga rawar ruwan ya gane ko motar yaƙi ce ke wucewa a sama, ko wasu ne ke haƙowa ta ɗaya ɓangaren. Wata rana ya ce wa mutum takwas su fita, suna gunaguni suka fita, ko numfashi ba su gama mayarwa ba ramin ya zauna. Daga ranar sunan Gafiya ya tashi daga kanmu duka ya koma kansa shi kaɗai, ya kuma zama kirari. Waɗanda ke yi mana ba'a suka riƙa kawo masa sigari da kifin gwangwani. Ni kuma sunana ya zama wan Gafiya. Duk wanda aka taɓa kiransa da sunan ƙanensa ya san abin da nake nufi.

Safiyar da abin ya faru, an kwana ana ruwa. Muna haƙa wata hanya da ta gangara gaba huɗu sannan ta miƙe zuwa wani tudu. Ƙanena ya dafa bango ya ce, "Yaya, ƙasar nan gumi take yi, ba na son ta yau." Amma an ce a duba tokari kafin a tura mutane, kuma shi ne mai dubawa. Na ɗaura masa igiya da hannuna. Ya ce, "Ka riƙe da kyau, malam mai Turanci." Na ce, "Sauka, ɗan ƙasa, kada ka cika ni da surutu." Ya sauka.

Bai daɗe da ɓacewa ba sai ga wani babban hafsa ya iso da taswira a hannu, irin waɗanda ba mu saba gani a bakin rami ba. Ba ya jin Hausa. Ya tambayi sajenmu yaya ake sanin ƙasa za ta riƙe, kuma kwana nawa ya rage. Saje tsohon ɗan loto ne, Turancinsa bai wuce na fareti ba. Ya yi ta in-ina yana nuni da hannu, hafsa yana ɓata rai, sauran mutane duk sun ƙame suna kallonsu. Ina zaune taku biyar daga wurin, amsar kowace tambaya tana yi mini ƙaiƙayi a harshe. Na ji muryar Baba sarai. Na kuma ji wata muryar tana cewa, yau kaɗai, sau ɗaya, bari a san kai ma kana nan. Akwai turken da muka kafa na rumfar ganyen kwakwa a gefena. Na naɗa igiyar a jikinsa sau biyu, na ƙulla, na miƙe na sara wa hafsa.

Na yi magana kamar ana zuba mini ita. Na yi masa bayanin kwanon ruwa, da ɗanɗanar ƙasa, da yadda ake jin bango. Duk ilimin ƙanena ne, amma ban ce nasa ba ne, ban kuma ce nawa ba ne. Na bar hafsa ya zaɓa. Ya kunna sigari yana saurare yana gyaɗa kai. Ya ce mutum irina asara ne a bar shi a bakin rami, ya rubuta lambata a bayan taswira. Ban taɓa jin daɗi irin na wannan lokacin ba, kuma ba zan yi ƙarya in ce na ji wani abu a jikina ba. Sai da ya yar da guntun sigarin ya taka, na juya, na ga turke ya sunkuya, igiya ta miƙe kamar tsirkiyar goge.

Kafin kowa ya lura na kwance ta, na kurma ihu. Muka ja mu shida, ba ta motsa ba. Da hannu da kwano muka tone shi, don ba a sa diga inda mutum yake. Sai wajen azahar muka kai gare shi. Katako biyu ne suka haɗa kai a bisansa suka bar masa ɗan wurin numfashi. Taku kaɗan ya rage masa ya kai gindin ramin da ake hawa. Da an ja shi lokacin da ya nema, da ya fito da ƙafarsa. Ya fito da rai, jini na zuba ta kunnuwansa biyu. Na dama ya mutu ɗungurungum, na hagu sai an yi masa tsawa. A takarda aka rubuta cewa ƙasa ce ta rufta ba zato. Aka sallame shi ya koma gida. Ni kuma bayan sati biyu aka kira ni hedikwata, na zama tafinta.

Da na je gida hutu, Baba bai tambaye ni komai ba. Bayan mun gaisa ya ce, "Kawo hannunka." Ya buɗe tafukana biyu a rana, ya duba, ya juya su, ya sake dubawa. Sumul suke. Ya sake su a hankali ya ce, "Hannun malamai." Har ya bar duniya bai ƙara ko kalma ɗaya a kan wannan ba, bai kuma sake ba ni igiya ba, ko ta ɗaure akuya.

Daga wannan sigari guda duk rayuwata ta fito. Bayan yaƙi na bi kamfanonin gine-gine ina tafinta. Na zauna a Fatakwal da Abijan, na yi shekaru a Jidda, na ga Alƙahira da Faris, na ƙara Larabci da Faransanci a kan abin da nake da shi. Ko'ina na je nakan lura da masu haƙa. Na ga Misirawa suna waƙa a rami, na ga Turawa da hular fitila da agogon auna iska, ban ga inda ake ba mutum guda igiya a ce ran ɗan'uwansa ne ba sai a wurinmu. Ƙanena kuwa tun da ya dawo daga yaƙi bai sake wuce tafiyar yini daga garinmu ba. Na ɗauka shi da haƙa sun rabu tunda kunne ya mutu, ashe ya samo wata dabara: sai ya kafa sandar ƙarfe a ƙasa ya ciji kanta, ya ji da haƙori abin da kunne ya daina ji. Shekara arba'in yana haƙa rijiyoyi. Akwai ƙauyukan da rijiyarsu sunansa take amsawa. Na taɓa kawo masa na'urar ji mai tsada daga waje, ya sa ta yini ɗaya ya ce duniya ta cika surutu, ya jefa ta a gwangwanin alawa. Nakan zo da mota da tsaraba, yara su kewaye ni, amma in an tashi nuna ni sai a ce, ga wan mai rijiya. An ce hassada ga mai rabo taki ce. Ni ne shaida, don na zuba masa ita har na gaji, sai tofo yake yi.

Watanni kaɗan da suka wuce aka aiko cewa jikinsa ya yi tsanani. Na kwana biyu abinci ba ya shiga. 'Yata ta shigo da ƙunshin roti, gurasar nan tasu, daga shagon mamak ta dire a gabana ta ce, "Baba, makan, ka ci abinci tukuna, lah. Tun safe shayi kawai ka sha. In Baba Ƙarami ne ke damunka, ga waya, ka kira shi ka gan shi mana." Na ce ai ba ya ji. Ta ce, "Yana gani ai. Kai ne dai ba ka son ya gan ka." Ban san inda yarinyar nan ta gado baki ba.

Bayan la'asar muka kira, can safiya ce. 'Yarsa ta riƙe masa wayar. Yana kishingiɗe a tabarma a tsakar gida, ya rame har ya koma tsinken tsiren da na sani. Ya ƙura mini ido ya ce da ƙarfi, irin na kurame, "Yaya, ka yi fari! Ba rana ne a ƙasar taku?" Na yi ta motsa baki ina neman inda zan fara. Harshe bakwai gare ni, babu wanda zai shiga kunnensa. Sai kawai na ɗaga tafukan hannuna biyu na kara a gaban wayar.

Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce wa 'yarsa, "Jingina abin nan a jikin buta, ki ba mu wuri." Da ta tafi ya ce, "Sauke, Yaya, na san su. Tun ja na farko na san turke ne. Hannu yana amsawa, ko bai ja ba kana jin mutum a ciki. Wannan kuwa shiru na ji." Na tambaye shi da baki da hannu, me ya sa bai taɓa faɗa ba. Ya ce, "In faɗa wa wa? Soja? Su ɗaure ka a jikin turken su harbe, Inna ta tashi da kurma ɗaya da kabari ɗaya?" Ya yi tari, ya share baki. "Na yi fushi, kada ka ce ban yi ba. Shekara uku ko sunanka ba na son gani a bakin mutum. Ran nan ina cikin rijiya ruwa ya ɓullo mini ta tsakanin yatsu, na duba fushin na rasa inda na ajiye shi." Sai ya washe bakin nan nasa da babu haƙoran gaba, ƙarfe ya cinye su, ya ce, "Kuma ka iya ƙulli, wallahi. Turken nan bai sake ni ba. Ya fi ka riƙon amana." Ya fashe da dariya har kaji suka watse a bayansa.

Na so ya zage ni. Da ya zage ni da mun yi daidai ko sau ɗaya. Shekara hamsin da ɗoriya ina ɗauke da abin nan daga ƙasa zuwa ƙasa, shi kuwa ya ajiye nasa a gindin wata rijiya ya hau sama ya sha ƙwaryar farko. Ina kallonsa yana dariya, hawaye na zubo mini, kuma Allah ya sani ba na nadama kaɗai ba ne. Ƙyashin dariyar nake yi.

Bayan sati uku ya rasu. An ce mutanen ƙauyuka sun zo a ƙafa da kan babura har hanya ta toshe, kuma da ruwan wata rijiya da ya haƙa aka yi masa wanka. Ni ina nan hawa na goma sha tara, in na mutu a garin nan surukina da abokan aikinsa ne za su sallace ni, su koma aji. Ko a wannan ya riga ni, ya kuma fi ni.

An gaya mini yanzu a garinmu mota ce ke zuwa ta huda burtsatse a yini ɗaya, ba mai sauka, ba mai jira a baki. Mutum biyu ne suka san abin da hannuwan nan suka yi, duk sun tafi. Igiyar da Inna ta ce in riƙe, babu kowa a ƙarshenta kuma.